Tsami da Kanwa a Cikin Jini: Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Iskar Jini

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban aikin jinya da ma'aikatan lafiya a Kakuri, Kaduna



Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya taɓa ganin uwa ta ɗanɗana miya, ta ji yakuwa ta yi yawa, ta gutsuro 'yar kanwa ta jefa a tukunya. Sai kumfa ta taso, tsamin ya kwanta. A nan muka samo maganar da muke yi idan rigima ta mutu, mu ce kanwa ta kar tsami. Abin da ya faru a tukunyar nan shi ke faruwa a jininmu dare da rana. Sinadarin da ke kashe tsami a jini, wanda takardar gwaji ke rubutawa HCO3, ana kiransa baikabonet, kuma yana cikin ainihin abin da ya haɗa kanwar kasuwa. Kumfar da ta taso kuwa iskar kabon ce, wadda huhu ke fitarwa a kowane numfashi. Saboda haka yau zan riƙa cewa kanwar jini, ku kuma ku san baikabonet nake nufi.

Jiki masana'antar tsami ce. Abincin da muke ƙonawa yana haifar da iskar kabon mai yawan gaske, in ta narke a jini ta zama tsami, huhu kuma ya busar da ita waje. Akwai wani tsamin da ba ya bin iska, wanda ke fitowa galibi daga nama da makamantansa, shi kuma sai ƙoda ta tace shi ta zubar a fitsari, ta mayar wa jini da kanwarsa. Huhu mai hanzari ne, cikin mintoci yake sauya aikinsa. Ƙoda kuwa tafiyar hawainiya take yi, sai ta kwana uku zuwa biyar kafin ta kammala gyara. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

Ma'aunin tsami shi ne pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sørensen, ya ƙirƙiro a 1909. A jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe ku: duk sanda pH ya sauka da 0.3, tsamin ya ninka ne. Mara lafiyar da ke 7.10 jininsa ya ninka na mai 7.40 tsami. Lamba ta biyu pCO2, nauyin iskar kabon, 35 zuwa 45. Ta uku kanwar jini, 22 zuwa 26. Ku duba kan takardar ku ga da wane mudu injin ya auna iskar, domin wasu injinan da kPa suke rubutawa, sai an ninka da 7.5 kafin a samu mmHg da nake amfani da shi a nan.

Kafin mu taɓa takarda ko ɗaya, ina so ku ji labarin da ya haifi wannan gwaji, domin kuskuren da ke cikinsa har yau ana yin sa.

A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofanhegan. Asibitin Blegdam ya cika da yaran da cutar ta shanye musu naman numfashi. Daga cikin 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 sun rasu. Abin da ɗakin gwaji ke iya aunawa a lokacin shi ne jimillar kabon da ke cikin jini, wadda mafi yawanta kanwa ce. Aka ga ta yi sama, sai aka ɗauka kanwa ce ta rinjayi jinin yaran saboda wani dalili da ba a gane ba. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya dubi yaran da kansu: gumi, hawan jini, jiki ya yi shuɗi. Ya ce waɗannan yara ba sa fitar da iska ne, kabon ya taru, jininsu tsami ya yi. Shugaban ɗakin gwajin, Poul Astrup, ya auna pH kai tsaye, ya tarar gaskiyar Ibsen ce. Ranar 27 ga Agusta aka huda maƙogwaron wata yarinya 'yar shekara 12, aka sa bututu, aka riƙa matsa mata iska da jakar roba, ta rayu. Daga nan aka tara ɗaliban likitanci kimanin 1,500, tsararrakinku, suna karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jaka da hannu, makonni da watanni. Mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Daga wannan annoba aka samu ɗakin kulawa ta musamman da muka sani yau, kuma daga aikin Astrup da na wasu irin su Severinghaus da Clark a Amurka aka samu injin da ke ba mu takardar nan cikin 'yan mintoci.

Me ya ɓatar da likitocin farko? Lamba ɗaya suka gani suka yanke hukunci. A kowace rigimar tsami da kanwa akwai wanda ya tada faɗa, akwai kuma wanda ya shigo rabo. In huhu ne ya gaza, ƙoda za ta ƙara kanwa don ta rage ɓarna. In tsami ne ya taso daga cikin jiki, huhu zai ƙara numfashi ya zubar da kabon. Dukansu biyu za su bar lambar da ba daidai ba a takarda. Aikin mai karatu shi ne ya bambanta su, don kada ya kama mai rabon faɗa ya hukunta shi. Wannan ita ce maganata a yau, sauran duk misalai ne.

Ga takarda ta farko. Wani saurayi ne ɗan shekara 19, iyayensa suka kawo shi da tsakar dare daga Nasarawa. Kwana biyu yana amai da ciwon ciki, makonni yana ramewa, yana kwankwaɗar ruwa, yana yawan fitsari. Tun daga bakin ƙofa ake jin numfashinsa, dogo, mai zurfi, ba yankewa, kamar wanda ya gudo daga Gonin Gora. Babansa ya ce nimoniya ce, amma da aka saurari ƙirjin, fes yake. Wani likita Bajamushe, Kussmaul, ya siffanta irin wannan numfashi tun 1874 a masu ciwon suga. Takardarsa ta ce pH 7.17, pCO2 17, kanwa 6.

A fara da pH: ƙasa da 7.35, tsami ya rinjaya. Wa ya kawo shi? Yawan kabon na kawo tsami, ƙarancin kanwa ma haka. A nan kabon ƙasa ya yi, don haka ba shi ba ne. Kanwa ce ta faɗi daga 24 zuwa 6, ita ce ta tafi gefe ɗaya da pH. Rigimar daga cikin jiki take, kuma numfashin da ya firgita iyayen shi ne mai rabo, shi ke riƙe da ran yaron.

Yawanci a nan ɗalibi ke ajiye biro, alhali saura tambaya mafi muhimmanci: mai rabon yana yin iyakar abin da ya kamata? Akwai lissafin da Winters da abokan aikinsa suka fitar a 1967. A ninka kanwa da 1.5, a ƙara 8, amsar ita ce pCO2 da ake sa ran gani, da rangwamen 2 sama ko ƙasa. Shida sau ɗaya da rabi tara, a ƙara takwas, 17. Daidai da takarda. Huhun yaron yana aikinsa cif.

Yanzu ku ɗauka bayan awa biyu uwar ta zo da murna ta ce, “Sista, ya samu sauƙi, numfashin ya lafa, har barci ya ɗauke shi.” Kada ku taya ta murna sai kun je bakin gadon. In kanwa tana nan a 6 amma pCO2 ya hau 30, pH ya gangara wajen 6.92. Talatin ɗin nan ko kaiwa ƙa'idar mai lafiya bai yi ba, ido zai iya wuce shi, amma ga wannan yaro shaida ce cewa naman numfashi ya gaji. A wannan minti ake kiran babban likita. Shi ya sa kuma ba a ba irin wannan mara lafiya maganin sa barci don a ce yana fizge-fizge.

Mun san tsami daga jiki yake, amma wane iri? Kanwa na raguwa ta hanya biyu: ko dai ta zube waje, ko wani baƙon tsami ya shigo ya cinye ta. Abin da ke raba su shi ne giɓin gishirin jini. A haɗa kuloraid da kanwa, a cire su daga sodiyam. A mai lafiya abin da ke saura wajen 8 zuwa 12 ne. Na yaron nan sodiyam 132, kuloraid 98, kanwa 6, giɓi 28. Akwai baƙo ke nan, kuma sugansa da ya yi sama da kiton da aka gani a fitsarinsa suka faɗi sunan baƙon. Maganinsa ƙarin ruwa, insulin a hankali, da sa ido kan fotasiyam, wanda kan fito daidai ko ma sama a gwajin farko alhali jiki ya yi asararsa, ya kuma faɗi warwas da zarar insulin ya fara aiki. Allurar baikabonet ba ta cikin abin da ake fara ba shi. In aka tsayar da tushen tsamin, jiki da kansa zai maido da kanwarsa.

Baƙin da ke buɗe giɓi ba su da yawa, kuma duk muna da su a nan. Kiton na ciwon suga. Laktet, idan jini bai isa gaɓoɓi ba: macen da ta zubar da jini bayan haihuwa, ɗan acaɓan da aka kwaso daga hanyar Abuja, wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Dattin da ƙoda ta kasa tacewa. Sai guba. Manyan cikinku ba su manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba, ya hallaka yara 84 a ƙasar nan bisa ƙidayar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, kuma jiharmu tana cikin inda abin ya shafa. Yaran sun zo ne fitsari ya ɗauke, jini ya yi tsami. Duk yaron da ya zo da babban giɓi ba tare da dalili bayyananne ba, ku ce wa uwar, “Mama, me da me aka ba shi a gida? A kawo mana kwalaben mu gani.” Da lallashi za ku tambaya, domin in ta ji zargi a muryarku ba za ta faɗa ba.

Bari in ɗan daɗe kan maleriya, don ita ce ta fi cika mana gadaje da damina. A 1995 Kevin Marsh da abokan aikinsa a Kilifi ta ƙasar Kenya suka nuna cewa cikin yaran da maleriya ta yi wa tsanani, masu wahalar numfashi suna cikin waɗanda suka fi mutuwa, kuma aka gane cewa tsamin jini ne ke jawo wannan numfashi a yawancinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa kanwa ƙasa da 15, ko laktet 5 zuwa sama, cikin alamomin maleriya mai tsanani. Yaro mai zazzaɓi, tafin hannu fari fat, ƙirji na shiga yana fita da zurfi, yana bukatar allurar atesunet yanzu, a duba sugansa, a nemo jini in jininsa ya ƙare. Kuma a yi hattara da ruwa. Babban binciken nan na FEAST da aka yi a Kenya da Yuganda da Tanzaniya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa antaya wa irin waɗannan yara ruwa da sauri ya ƙara yawan masu mutuwa.

Ba haka abin yake ga mai amai da gudawa ba. Shi kanwarsa ta bi bayan gida ne ta zube, kuloraid ya hau ya cike gurbinta. Za ku ga misali sodiyam 138, kuloraid 114, kanwa 13, giɓi 11, babu baƙo, sai fa in jiki ya bushe ƙwarai har laktet ya shigo. Tun a kwalarar Ingila ta 1831 wani matashin likita, O'Shaughnessy, ya gano cewa jinin masu cutar ya rasa ruwa da gishiri da kanwa, a shekarar da ta biyo kuma Thomas Latta ya fara mayar musu da su ta jijiya. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, mafi yawansu a Arewa. Mai amai da gudawa ruwa yake so da gaggawa, kuma ƙunshin gishiri da suga da muke rabawa yana ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa ya zama kanwa. A nan dole in ja kunne, tunda ni na kawo zancen tukunya: kada wani ya fita ya ce likita ya ce a sha kanwa. Binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan kunun kanwa da gashin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki.

Takarda ta gaba ta unguwar nan ce. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, dubban mutane sun yi shekaru suna shaƙar ƙurar auduga a Kakuri. Masaƙun sun yi shiru, ma'aikatansu sun tsufa, wasunsu kuma da taba a tarihinsu. Haka iyayenmu mata da suka ƙare rayuwa a gaban murhun itace. Wani dattijo irin waɗannan ya zo da tari da haki, takardarsa pH 7.34, pCO2 60, kanwa 31. Ku ajiye ta gefe. Ga wata ta wani matashi da aka tsinta a sume bayan ya sha ƙwayoyi da kodin, yana numfashi sau shida a minti: pH 7.26, pCO2 60, kanwa 26.

Kabon ɗinsu ɗaya, kuma a dukansu huhu ne ya tada faɗa. Kanwa ce ta raba su. In abin sabo ne, duk hawan pCO2 da 10 kanwa na ƙaruwa da 1 kacal, domin ƙoda ba ta samu lokaci ba. In ya daɗe, takan ƙaru da wajen 4. Matashin yau abin ya same shi, a buɗe masa hanyar iska, a taimaka masa da jaka kamar yadda ɗaliban Kofanhegan suka yi, a ba shi makarin ƙwayar. Baba kuwa ya shekara da 60 ɗinsa, 31 ɗin nan aikin ƙodarsa ne, ba cuta ba ce da za a yaƙa. Haɗarinsa yana hannunmu: in muka buɗe masa oksijin har ƙarshe don na'urar yatsa ta nuna 100, kabon zai iya ƙara taruwa, ya fara gyangyaɗi, ya sume. A irinsa ana neman 88 zuwa 92 ne. Ba a hana shi oksijin, aunawa ake yi.

Rinjayen kanwa ba zai ɗauke mu lokaci ba. Jariri ɗan wata ɗaya, galibi namiji, yana feso nono da ƙarfi bayan kowane shayarwa saboda ƙofar tumbinsa ta tsuke: pH 7.52, kanwa 36, pCO2 46, kuloraid ƙasa. Tsamin cikinsa ya amayar. Sai an gyara shi da ruwan gishiri da fotasiyam kafin a kai shi tiyata. Haka ake gani a babban da ya daɗe yana amai ko yana shan maganin sa fitsari. In kuwa pH ya hau saboda kabon ya faɗi, mutum yana numfashi fiye da kima ne. Tsoro na sa haka, zafin ciwo na sa haka, mai juna biyu ma pCO2 ɗinta wajen 30 yake zama lafiya lau. Amma kada a ce wa kowa fargaba ce kawai sai an tabbata ba ƙarancin oksijin ba ne, ba gudan jini a huhu ba, ba farkon shigar ƙwayar cuta jini ba.

Duk wannan karatu ya dogara ga hannun da ya ɗebi jinin. Daga jijiya mai harbawa ta wuyan hannu ake ɗiba, da sirinji mai hefarin kaɗan, a danne wurin minti biyar. A fitar da kumfar iska nan take, a toshe bakin, a kai gwaji kafin rabin awa. A rubuta lokaci da yawan oksijin da mara lafiya ke samu, in ba haka ba lambar oksijin ta takardar ba ta da ma'ana. In jijiyar ta gagara, jinin jijiyar da muke sa ruwa yana ba da pH da kanwa kusan daidai, sai dai ba a dogara da shi wajen oksijin.

Na san abin da ke ran wasunku: inda za a tura ni aiki ba injin. Gwajin gishirin jini da na ƙoda da muke nema kullum yana ba da sodiyam da fotasiyam da kanwa, sau da yawa har da kuloraid, giɓi kuwa da biro ake fitar da shi. Sai ku haɗa da agogo, ku ƙirga numfashi cikakken minti ɗaya, ku kalli zurfinsa, ku tsoma tsinken gwaji a fitsari, ku huda yatsa ku auna suga. Da waɗannan kaɗai za a gane saurayin Nasarawa a kowane ƙaramin asibiti daga Makera har Sabon Tasha.

Takarda ta ƙarshe ita ce aka raba muku a ƙofa. Mace ce 'yar shekara 30, kwana huɗu da haihuwa a gida, zazzaɓi, jiki na rawa, numfashi 34 a minti. An rubuta pH 7.40, pCO2 20, kanwa 12, sodiyam 136, kuloraid 100. Lambar farko ta mai cikakkiyar lafiya ce, kuma da ita kaɗai za a iya cewa ta koma gida. To amma mai rabon faɗa ba ya mayar da pH tsakiya cif, kusa kawai yake kawo shi. In kuka ga 7.40 alhali sauran lambobin biyu sun yi nisa da gida, faɗa biyu ne suka haɗu a jiki ɗaya, kowanne yana ja gefensa. Ku yi lissafin Winters a kan 12 ku ga ko 20 za ta fito, sannan ku fitar da giɓin. Ina ba ku minti biyar. Bayan nan ƙanwata da ke sahu na uku za ta tashi ta gaya mana abin da ke damun matar nan, da abin da za ta fara yi mata kafin likita ya iso.